Noti Saba'in da Biyu

"Ba zan sa hannu ba, Kawu."

Ya ɗago kai daga kofin shayinsa, ya dube ni kamar wanda akuya ta yi wa sallama. Takardu uku ne a kan teburin ofis, an danne su da tsohon fistan na injin mota, biro yana kwance a gefe.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan sa ba. Takardar ta ce an ɗaure notunan taya bisa awo. Ba bisa awo aka ɗaure su ba, bisa nauyin Baba Turmi aka ɗaure su."

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne mai garejin. Shi ya fara damƙa mini sifana ina da shekara tara, ranar da Umma ta aiko ni da saƙo na tsaya kallon inji har na manta da abin da ya kawo ni. Shi ya tsaya mini lokacin da na ce kwalejin fasaha zan je in karanta gyaran mota, ya ce masu surutu bakinsu ne, su yi ta yi. Da na gama, shi ya sa aka yi wa takardar shaidata firam da gilashi, ya kafa ta a bangon ofis, sama da kalandar masu sayar da batir. Da wannan takarda ya samo aikin da ya fi kowane aiki girma a garejin, wato kula da motocin bas uku na wata makarantar ƙananan yara. Sharaɗin makarantar ɗaya ne: duk ranar da aka taɓa birki ko taya, mai takardar shaida ya sa hannu. Mai takarda kuwa a garejin nan ɗaya ce tal, ni.

A makon nan an sauya wa motocin uku tayoyi gaba ɗaya, saboda hutu ya ƙare, jibi yara za su koma. Kowace mota taya huɗu, kowace taya noti shida. Noti saba'in da biyu ke nan, kuma babu ko ɗaya da hannuna ya taɓa.

Turmi ne ya ɗaure su. Shi ne babban makanikin Kawu, shekararsu ashirin tare. Gajere ne, faɗinsa ya kusa kai tsawonsa, kuma tun kafin a haife ni sunansa na yanka ya ɓace. Ga yadda yake ɗaure taya. Zai tsoma yatsa a baƙin mai ya shafa wa ƙusoshin da noti ke hawa, wai don su ji daɗi. Zai jera notunan ya bi su a zagaye, wannan na bin wannan. Sai ya sa sifanar taya, ya zura mata wani bututun ƙarfe da ya kai tsawona, ya dafa rufin mota, ya hau ƙarshen bututun da ƙafa biyu, ya yi tsalle uku. A na uku notin zai saki wata ƙara, ƙiiii, irin ta ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Sai mai mota ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta.

"Noti in bai yi kuka ba, bai ji ba," in ji Turmi.

Direbobi daga nesa suke zuwa don tsallen nan. Wasu har ɗauka suke a waya. Shekarar da Turmi ya yi zazzaɓi ya rame, sun yi ta zuwa dubiya da burodi da gwangwanin madara, ba don Allah ba, don tayoyinsu.

Ni kuwa abin da aka koya mini, kuma na gwada da hannuna har ya zauna, daban ne. A goge ƙusoshi da buroshin waya, a bar su a bushe, domin mai yana sa noti ya zarce inda ya kamata ya tsaya ba tare da an ji ba. A fara kowane noti da yatsu, don kada ya hau zaren ƙusa a karkace. A ɗaure su a gicciye, wannan sai wanda ke fuskantarsa, kamar ana zana tauraro, don tayar ta zauna daidai. A sauke mota daga kan jak ta taka ƙasa. Sannan a ɗauko sifanar awo, a saita ta a lambar da ke cikin littafin motar, a ja a hankali har ta ce ƙas. Da ta ce ƙas, an gama. Duk abin da aka ƙara bayan nan, ƙusa ake miƙewa. Ƙarfe ne, amma yana miƙewa, ya yi ƙugu a tsakiya, ya zauna yana jiran ramin titi da zai ƙarasa shi.

Sifanar awon tawa ce. A kwaleji aka ba ni ita a cikin jan akwati, ranar da na zo ta ɗaya a aji mai maza talatin da takwas. Ba na ɓoye wannan, kuma ba zan fara ɓoyewa yanzu ba. Ranar da na fara fito da ita a gareji, Turmi ya kara kunne ya ji ƙas ɗin, ya ce, "Shi ke nan? Ai ni ƙashin gwiwata ya fi wannan ƙara in na tashi da safe."

Daga ranar sunana ya koma Malama Ƙas.

Wata takwas na jure. Na tarar da sifanata an tokare murfin inji da ita, na ɗauke na goge. Na tarar Turmi yana sosa baya da ita, na miƙa hannu na karɓa. Na jure sharar gareji, na jure "Malama Ƙas, kawo ruwa," na jure direban da ya tambayi Kawu ko ana biyan kuɗin kallo. Duk ƙusar da ta karye, Turmi yakan jefa ta bayan tsofaffin tayoyi ya ce ƙarfen zamani ne, ba shi da ƙwari. Ni kuma in bi in tsince in zuba a wani gwangwani. Ban san me zan yi da su ba. Na dai san ba na son su ɓace.

Abin da ya raba ni da taya kuwa shi ne motar Shugabar makarantar, wata mata mai tabarau da igiya a wuya, wadda ba ka ganinta sai da fayil a hammata. Ta kawo ƙaramar motarta ranar da Turmi ba ya nan, na sauya mata taya biyu yadda ya kamata. Da za ta tafi na ce, "Ranki ya daɗe, in kin yi tafiyar kilomita hamsin zuwa ɗari, ki biyo in sake duba notunan. Sabuwar taya takan ɗan zauna."

Ta sauke tabarau. "In dawo?"

"Minti biyar ne kawai."

Ta wuce ofis. Ta bango na ji tana cewa, "Malam, yarinyarka da bakinta ta ce in dawo. Wato ita ma ta san ba ta ɗaure ba. Ni shekara nawa ina zuwa nan, mai tsalle bai taɓa cewa in dawo ba."

Da yamma aka kira Turmi daga gida ya zo ya hau notunan nan goma, suka yi kuka, Shugaba ta tafi da murmushi. Kawu ya ce daga yau in bar taya, in riƙe biro. Wai hannun mace na rubutu ne mai kyau.

To ga biron, ga ni, ga Kawu yana kallona.

"'Yar nan," ya ce, "biro ne fa. Ba wuƙa na miƙo miki ba."

"Na sani, Kawu. Sunana ne zai hau kai."

"Sunan naki wa ya kafa shi a bango?"

"Kai ne. Shi ya sa ba zan zubar da shi ba."

Turmi ya leƙo ta ƙofa yana goge hannu da tsumma. "Oga, ka bar ta. Notin kanta ne ya kwance. Kawo ta in hau."

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce in tafi gida in yi tunani, gobe da safe yana son takardunsa, domin Shugaba za ta zo da rana ta kwashi motocinta.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Umma a kicin tana yanka albasa da irin saurin da take yi in ranta ya ɓaci.

"Injiniya an dawo?"

"Sannu da gida, Umma."

"Yayana ya kira ni. Mutumin da bai taɓa kirana da rana ba sai an yi rasuwa." Ta ajiye wuƙar. "Ke yanzu saboda noti? Noti, ɗan abin nan kamar zobe?"

"Yara ne a cikin motocin, Umma."

"Shekara ashirin Turmi yana tsalle. Taya nawa kika ji ta fita?"

"Ban ji ba."

"To?"

"Wanda tayarsa ta fita a kan babbar hanya ba ya dawowa gareji ya kawo ƙara."

Ta dube ni, ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yanka. "Bakin nan naki, da ana ɗaure taya da shi, da babu wadda za ta fita har abada. Ki ji ni da kyau. Lokacin da kowa ya ce mace da baƙin mai ba su haɗu ba, wa ya tsaya miki? Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Umma, ba hangowa ake yi ba. Aunawa ake yi."

"Allah ya shirye ki," in ji ta. Ta share ido da bayan hannu, ta ce albasa ce.

Da safe na tarar Kawu ya samo dabara, fuskarsa har sheƙi take. Ya sa an jera motocin uku a tsakar gareji, rawaye, da hoton fensir da littafi a jikinsu. Direbobinsu uku suna zaune a benci. Jan akwatina yana kan murfin ta farko.

"Na yi tunani," ya ce, "kina da gaskiya. Takarda ta ce awo, to a yi awo. Ɗauko sandarki ta awo ki bi su ɗaya bayan ɗaya. In ta ce ƙas, ki sa hannu. In ba ta ce ba, Turmi ya ƙara hawa."

Direbobi suka ce wannan adalci ne.

"Kawu, za ta ce ƙas."

"To madalla."

"Ba madalla ba ne. Notin da aka wuce da shi ma ƙas za ta ce. Ita abin da ta sani, an kai lamba. Ba ta san da nawa aka wuce ba."

"Ke dai gwada."

Na saita ta, na ɗora a kan noti na farko. Ko ja ban gama yi ba, ƙas. Na biyu, ƙas. Na uku, ƙas. Benci ya ɗauki tafi. Turmi ya ɗaga hannu biyu sama yana juyi kamar ɗan dambe.

"Sandarta ma ta yi mubaya'a!" ya ce. "Malama Ƙas, ko ƙarfe ya san ubangidansa."

"Baba Turmi, in aka ce ka zuba shayi ya kai bakin layi, ka zuba har ya malale a tebur ya jiƙa wando, ya kai layi ko bai kai ba?"

"Ya kai mana."

"To wandon fa?"

Wani direba ya yi dariya, ya haɗiye ta da ya ga fuskar Kawu.

"Me kike so a yi?" in ji Kawu. Muryarsa ta sauka, kuma na san wannan saukar.

"A kwance su duka. A wanke man. In duba ƙusoshi, mai ƙugu a sauya ta. Sannan in ɗaure da kaina, in sa hannu da kaina."

"Saba'in da biyu?"

"Saba'in da biyu."

Ya kalli direbobi, ya kalli Turmi. Da mu biyu ne a ofis, wataƙila da ya ce a'a kawai. Amma a gaban mutane ne, kuma Kawu ba ya son a ce ya ji tsoron gwaji.

"Kwance mota ɗaya," ya ce. "In ba ki sami komai ba, ki sa hannu a uku, kuma kada in sake jin kalmar awo a garejin nan."

Sifanar awo ba a kwance noti da ita, lalacewa take. Na mayar da ita akwati, na ɗauko sifanar taya. Na ja, ko gezau. Na zura bututun Turmi, na rataya a jikinsa da dukan nauyina, ƙafafuna suna lilo. Notin bai san ina yi ba. Benci ya kwashe da dariya, har wani yana cewa a ƙara mata burodi.

Na sauko na karkaɗe hannu. "Ku yi dariya da kyau," na ce wa direbobin. "Ranar da tayar ɗayanku ta yi faci a hanya, da yara talatin a mota, da 'yar sifanar da ke ƙarƙashin kujera zai kwance wannan. Ko da Turmi kuke yawo a bayan mota?"

Dariyar ta ragu. Direban mota ta farko, wani dattijo mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Turmi, kwance mata," in ji Kawu.

Turmi ya juya bututun ɗaya gefen, ya dafa mota, ya hau. Noti na farko ya yi kuka ya saki. Na biyu haka. A na uku, ya yi tsalle ɗaya, sai muka ji ɗas. Bututun ya tafi ƙasa, Turmi ya bi shi, ya zauna daɓas a cikin tiren baƙin mai. Notin ya gangara har gaban benci da guntun ƙusa a cikinsa.

Babu wanda ya yi dariya sai ni, kuma na yi ta har ta ishe ni.

"Ƙarfen zamani," in ji Turmi daga ƙasa.

Kafin a gama motar, ƙusa biyar sun karye cikin ashirin da huɗu. Na wanke sauran da fetur na bi su da ma'auni, tara sun yi ƙugu, ana gani da ido ma. Na jera su a kan kwali, na ɗauko tsohon gwangwanina na juye a gefe. Tarin ya fi yadda nake zato.

Ana cikin haka Shugaba ta shigo da fayil a hammata. Ta ga motarta ɗaya a kan jak babu taya ko ɗaya, ta ga Turmi da baƙin wando, ta ga ni a tsugune gaban guntayen ƙarfe.

"Wa ya karya waɗannan?"

Duk idanu suka juyo kaina.

"Suna zaune lafiya, ranki ya daɗe," in ji Turmi. "Ba su ce wa kowa komai ba. Ita ta ce a taɓa su."

Na miƙe na nuna mata ƙusa ɗaya. Na nuna mata ƙugun, na yi mata bayanin miƙewar ƙarfe, da mai, da tsalle. Na yi bayanin da kyau, don na iya. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara tabarau.

"Da ba a kwance ba, da sun karye?"

"Da sun karye a hanya."

"Yaushe?"

"Ban sani ba. Wataƙila gobe, wataƙila baɗi."

"To kin gani. Ba ki sani ba." Ta juya wajen Kawu. "Malam, ni ba tarihin noti na zo ji ba. Fayil nake cikawa. Gobe da safe ƙarfe bakwai yara suna bakin hanya. Ina son mota uku da takarda uku."

Da ta fita, Kawu ya zo ya tsuguna kusa da kwalin. Ya ɗauki ƙusa ɗaya yana juya ta, ya bi ƙugun da farcen babban yatsa, sau biyu. Ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Na san ƙugu in na gan shi, 'yar nan. Na girme ki a ƙarfe."

"To Kawu…"

"In na ce Turmi ya sauko daga bututun nan yau, me zan ce wa shekara ashirin? In ce wa duk direban da ya taɓa gyaɗa mini kai ƙarya muka sayar masa? Mutumin nan tsallen nan kaɗai gare shi." Ya ajiye ƙusar. "Gyara wannan yadda kike so. Ki sa hannu a uku. Sauran biyun mu bi su a hankali, wani hutun, ba a gaban mutane ba."

Na daɗe ina jiran ranar da Kawu zai ce ina da gaskiya. Ban zaci za ta zo da raɗa ba, kuma da biro a hannunta.

"In na gyara uku, in sa hannu a uku. In na gyara ɗaya, in sa a ɗaya."

"Ba lokaci."

"Akwai, in Baba Turmi ya kama mini."

"Turmi ba zai kwance aikinsa da hannunsa sau biyu a rana ɗaya ba."

"To ɗaya ke nan, Kawu."

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya shiga ofis.

Ni kaɗai na yi motar. Na cire ƙusa goma sha huɗu na sa sababbi, na goge sauran goman, na fara kowane noti da yatsu, na bi su a gicciye, na sauke mota. Ƙas ashirin da huɗu, kowane a inda littafi ya ce. Babu wanda ya tafa. Dattijon direban ne kawai ya matso ya riƙe mini taya sau biyu ba tare da ya dube ni ba. Kafin la'asar na gama, na wanke hannu, na shiga ofis na sa hannu a takarda ɗaya, da cikakken sunana, da rubutun nan mai kyau.

Sauran biyun ba su yi wahalar samun mai su ba. Jikin garejinmu akwai mai gyaran firji, shi ma yana da takardar shaida, tasa har da zanen zinariya a gefe. Kawu ya aika aka kira shi. Ya zo da hatiminsa a aljihu, ya zagaya motocin biyu, ya shuri taya ɗaya da ƙafa, ya ce, "Kai, wannan ai ta ɗauru." Ya sa hannu, ya buga hatimi. Da Shugaba ta dawo ta jera takardun uku, tawa ce ta tsaya tana dubawa, wai me ya sa ba ta da hatimi.

Bayan an kwashe motocin Kawu ya hau kujera ya ciro firam ɗina daga bango. Wurin ya bar fari fes mai kusurwa huɗu a tsakiyar bangon da hayaƙi ya dafa. Ya naɗe shi a tsohuwar jarida, a hankali, don kada gilashin ya fashe, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Gareji ɗaya ba ya ɗaukar oga biyu," ya ce. "Ki gaida uwarki."

Turmi yana bakin ƙofa. Na zaci zai yi ba'a. Sai ya ɗauko jan akwatina ya goge shi da gefen rigarsa, wanda ya ƙara masa datti, ya miƙo mini.

Yanzu ina da rumfa a gefen wani gidan mai, da benci, da jak, da buroshin waya, da jan akwati. Kwana huɗu da buɗewa dattijon direban ya tsaya da rawayar motarsa bayan ya sauke yara. Ya ce ya lissafa, ya yi kilomita tamanin. Na bi notunan ashirin da huɗu. Biyu suka ɗan motsa kafin ƙas, kamar yadda sabuwar taya takan yi. Ya ce kada in gaya wa kowa ya zo. Har yau yana zuwa, har yau yana cewa kada in faɗa.

Sauran masu mota kuwa, wasu in na gama sai su tsaya suna jira.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba za ki ɗan hau ba?"

"Ba na hawa."

Da yawa daga nan garejin Kawu suke wucewa a ƙarasa musu. Na sani, domin ina ganin inda suke karya kwana. Na ji ma an ce mai gyaran firji ya sayi sabon hatimi, wanda ya fi na da girma.

Motocin nan biyu suna wucewa ta gabana kowace safiya, cike da yara suna leƙe ta taga. Noti arba'in da takwas. Ina bin tayoyinsu da ido har su sha kwana. Har yau babu wadda ta fita, kuma kullum ina roƙon Allah kada ta fita, duk da na san ranar da ta fita ce kaɗai za a ce ina da gaskiya.

Wata goma sha huɗu ke nan. Na rasa aikina, kuma akwai ranakun da nake wuni ban taɓa taya ko ɗaya ba. Takardar shaidata tana ƙarƙashin gado a cikin jaridarta. Umma ta daina zuwa gidan yayanta, kuma ba ta taɓa cewa saboda ni ne ba, wanda ya fi faɗar ciwo. Kawu, mutumin da ya fara sa mini sifana a hannu, in muka haɗu a hanya ina durƙusawa in gaishe shi, ya ce "lafiya" yana kallon wani wuri. Abin da ƙin sa hannu a takarda biyu ya ci mini ke nan. Da za a sake miƙo mini biron gobe, haka zan sake biya.